Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ilimi na jihar Damagaram: yaranmu sun iya Ingilishi a takarda, baki ne ya ƙi buɗewa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranku ya daɗe shugabannin ilimi na jiha, anspektoci, diraktocin CEG da na lise, da manyan malamanmu na jami'a masu koyar da harsuna, ina gaishe ku da aiki, Allah ya ƙara lafiya ya taya ku riƙo. Ni ƙaramin malamin Ingilishi ne a nan cikin garin Damagaram, shekara tara kenan ina riƙe da alli, kuma wasu daga cikinku su ne suka koyar da ni tun ina ɗan lakwal, don haka ku ɗauki wannan magana a matsayin ta ɗa zuwa ga iyayensa. Na zaɓi in rubuta a fili ne don iyayen yara ma su gani su sa baki, tunda ƴaƴansu ake magana a kai.

Abin da ya tayar da ni shi ne wani tsohon ɗalibina, yaro mai ƙoƙari wanda ya ci bak ɗinsa da maki mai kyau a Ingilishi, a bakansin da ya wuce ya nemi wani ɗan aiki aka ce za a yi mishi tambayoyi ta kiran bidiyo. Ya kwana uku yana haddace amsoshi, ya ari riga, ya sayi forfe, ya samu inda rezo ke kamawa ya zauna. Da matar ta bayyana a waya ta gaishe shi ta tambaye shi labarin kansa sai ya daskare. Da yamma ya same ni a ƙofar gida idonsa ja, yake ce min wallahi duk abin da ta faɗa ya gane, amsar ma tana cikin kansa a jere, amma bakinsa ya ƙi, sai zufa kawai. Na rasa abin da zan ce mishi, don na san ba laifinsa ba ne, ni na koyar da shi shekara biyu kuma ba na jin a cikin shekara biyun nan ya yi magana da Ingilishi a gabana ta minti goma in an haɗa duka.

Ku duba lissafin da kanku. Yaro na fara Ingilishi daga siziyem, shekara 4 a CEG, 3 a lise, shekara 7 kenan. Ajin da nake shiga yanzu yara sun haura 70, darasi awa guda ne, ko da ni malam na kulle bakina ban ce uffan ba na raba musu lokacin daidai wa daida kowane yaro bai samu minti ɗaya cikakke ba. To balle a cire kiran suna, a cire rubutu a tablo, a cire kwafa, a cire tsawatarwa. Abin da ke saura sai su biyar ko shida na benci na gaba masu ɗaga hannu kullum, sauran kuwa sai amshi na taro, in faɗa su maimaita kamar ana karatun allo. Su iya cike gurbi, su iya juya jimla daga wannan zamani zuwa wancan, su ci dabuwar, amma a ce su tambayi mutum hanya sai ido.

Kuma ga shi zamani ya juya. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, abin da ya faranta mana rai ƙwarai, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Harshen aiki fa aka ce, aiki kuwa da baki ake yinsa, a ofis, a likita, a waya, a kan iyaka. Mu nan Kano ta fi mana kusa da Yamai nesa ba kusa ba, Kano wajen kilomita 240, Yamai kusan 900, yaranmu na zuwa karatu Nijeriya, masu hali na tura nasu Akara ta Gana su yi wata shida don kawai bakinsu ya buɗe, ga matatar man fetur ta SORAZ a bayan gari tun 2011 inda ake cuɗanya da baƙi. Ɗan talaka da ubansa ba ya da kuɗin Akara fa, ina zai je?

Wannan ciwo ba a kanmu aka fara ganinsa ba. A 1985 wata malama mai bincike a Kanada, Merrill Swain, ta duba yara masu jin Ingilishi a gida waɗanda aka yi shekaru ana koyar da su darussa da Faransanci, sai ta ga wajen ji da fahimta sun yi nisa sosai amma wajen magana da rubutu suna baya, ta ce dalili shi ne ba a tura su su fitar da harshen da kansu ba, sauraro suka fi yi. A ganinta sai lokacin da mutum ya buɗe baki zai faɗi abu ya ji kalmar ta ɓace mishi sannan yake gane inda raminsa yake, daga nan ya nemi cike shi. Ranar da na fara karanta wannan sai na ga kamar ajina take kwatantawa, kai har da yadda mu kanmu muka koyi Faransanci tun firamare. Wani kuma, Michael Long, ya nuna amfanin ɗan jan-in-ja ɗin nan da ake yi idan ba a fahimci juna ba, ka ce me ka ce, a sake faɗa maka a hankali, ka gwada, a gyara, a nan ne harshe ke zama.

To shi ne bara na ce bari in gwada abin da ke hannuna. Na tara wasu ƴan yara na tarminal ranar Asabar bayan la'asar, da wayata da kwamfutar wani abokina, na samu wata malama a Gana da muka haɗu a wani zauren malamai na WhatsApp ta yarda ta tara nata ɗaliban, muka riƙa haɗa su biyu-biyu ta bidiyo, minti goma sha biyar kowane, Gana na bayanmu da awa ɗaya don haka lokacin bai yi wa kowa tsauri ba. Satin farko kam abin tausayi, gaisuwa sai shiru sai dariyar kunya, wani ma ya miƙo min wayar ya fita waje. Sai na gane laifina ne da na ce musu kawai ku yi hira, hira a kan me, da wa, mutumin da ba ka taɓa gani ba? Sati na gaba na ba su aiki a hannu, wannan ya riƙe hoton Kasuwar Dole wancan na can ba ya ganinsa, sai ya kwatanta mishi shi kuma ya zana, wata ta yi bayanin yadda ake dama fura, wani ya ɗauki abokinsa ya zaga da shi Birni da baki tun daga ƙofar gidan Sarki har duwatsun bayan unguwa. Wallahi yaran da ban taɓa jin muryarsu a aji ba sai ga su suna fama, suna nuni da hannu, suna ɗaga ludayi gaban kamara don kalmar ta ɓace, ɗan Gana ya faɗa musu sunansa su maimaita, kuma wannan kalma ba su sake manta ta ba.

Amfanin bidiyo a kan kiran murya kenan a nawa gani, fuska tana taimako. Kana ganin leɓen mutum, kana ganin ya ɗaure gira ka san bai gane ba tun kafin ya faɗa, ya gyaɗa kai ka samu ƙarfin ci gaba. Kuma yaro na jin kunyar ƴan ajinsu 70 fiye da yadda yake jin kunyar baƙo guda da ke can wata ƙasa wanda ba zai je fada da dare ya kwaikwaye shi ana shan shayi ba.

Amma ranku ya daɗe ba don in yi tallar kiran bidiyo na rubuto ba, wannan kowa ya san shi tun lokacin korona a 2020. Abin da nake roƙo ya fi haka, ina roƙon a yi bincike a kai, a nan, da yaranmu, da rezonmu, kuma mu da kanmu. Bari in faɗi abin da ya sa.

Da izinin yaran da na iyayensu na naɗi wasu daga cikin hirarrakin don in saurara daga baya. Akwai wata yarinya da na riga na yanke mata hukunci a raina cewa tana da nauyin baki, don duk tambayar da aka yi mata sai an jira kafin amsa ta fito, har abokiyarta ta can ta kan sake maimaita tambayar, su yi karo, kowa ta yi shiru, su sake farawa tare. Ranar nan sai na ajiye wata waya daban kusa da ita tana ɗaukar muryarta a cikin ɗaki, malamar Gana ita ma ta naɗi nata gefen ta turo min. Da na jera su biyun na saurara sai jikina ya yi sanyi. A namu ɗaukar, tambaya na ƙarewa a kunnenta take amsawa, ba wani jinkiri. A na can kuwa akwai rami tsakanin tambaya da amsa. Ashe shirun ba nata ba ne, na hanya ne, muryar ce ke daɗewa kafin ta je ta dawo. Da a ce jarrabawa ce aka yi mata daga can da an rage mata maki a kan laifin rezo.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san yadda ake auna magana. Wani bincike da aka buga a 2009 wanda ya duba hira a harsuna 10 na duniya ya nuna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a hirar yau da kullum ba ta wuce wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba in an ɗauki matsakaici, wato ƙiftawar ido. Hukumar sadarwa ta duniya ITU ta ba da shawara kada jinkirin murya daga wannan baki zuwa wancan kunne ya wuce milidaƙiƙa 150, wato kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa, in ana son hira ta tafi sumul. Masu auna saurin baki kuma da yawansu duk shirun da ya kai rubu'in daƙiƙa suna ƙirga shi a matsayin tsayawa, su ƙirga gaɓoɓi nawa mutum ya furta a minti, kalma nawa yake jerowa kafin ya tsaya. To ku gaya min, mu da wani lokaci hoto ke daskarewa ɗungurungum mutum ya tsaya baki buɗe, murya ta tsinke ta dawo a guje, in aka ɗauko ma'aunin da aka ƙera a inda intanet ke gudu kamar ruwan famfo aka ɗora wa ɗan Garin Malam ko ɗan Mirya, me za a auna, bakinsa ko rezonsa? Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Ba wanda zai zo daga waje ya raba mana shirun yaro da shirun waya in ba mu muka zauna muka yi ba.

Kuma kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba. Akwai manhajar Praat da malaman jami'ar Amstadam suka yi, kyauta ce, tana nuna maka murya a zane ka ga inda aka yi shiru da tsawonsa. Akwai ELAN ita ma kyauta, wadda ake bin bidiyo da ita ana rubuta abin da aka faɗa da motsin hannu a daidai lokacinsa. Tsohuwar kwamfuta na ɗaukarsu. Muna da Jami'ar André Salifou a cikin garin nan da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, ga abu a ƙofar gida. Ɗalibi guda ya bi yara goma na wata uku ya ga ko tsayawarsu ta ragu. Wata ta duba me yaro ke yi in kalma ta ɓace mishi, Faransanci yake kamowa ko Hausa ko hannu, don ni na lura nawa Faransanci suke fara jawowa su lanƙwasa shi ya yi kama da Ingilishi, wani lokaci ya ci wani lokaci ya kai su daji. Wani ya gwada ko kashe kamara a bar murya kawai na rage tsoro ko ƙara shi yake. Wani ya duba sautukan da ke ba Bahaushe wuya, irin yadda p da f ke cakuɗe mana, ko ganin leɓen abokin hira na gyara su. Duk waɗannan tambayoyi ne da amsarsu za ta canza yadda nake shiga aji ranar Litinin.

Sai maganar da wa za a haɗa su. Da farko na ɗauka Kano ce mafi sauƙi, lokacinmu ɗaya, al'ada ɗaya, iyaye ma sun fi natsuwa. Na gwada sau biyu, minti uku ba a yi ba sai na ji ana kai ɗan uwa ya garin, an koma Hausa ana labarin ƙwallo. Ban ga laifinsu ba, ruwa inda ya ga gangare yake bi. Amma kuma na lura masu rauni sosai sun fi sakin jiki da ɗan Kano don sun san in sun maƙale akwai mai ɗago su, saboda haka ina ganin a fara da su a nan, in ƙafa ta tsaya a miƙa su ga wanda ba ya jin Hausa ko kaɗan, ɗan Gana ko ɗan kudancin Nijeriya ko Kenya. Wannan ma abin a auna ne a gani, kada a tsaya a kan zato na.

Akwai kuma wata hanya da nake so manyanmu na jami'a su duba da kyau. A Burazil tun 2006 jami'ar UNESP ke tafiyar da wani shiri mai suna Teletandem, ɗalibinsu mai koyon wani harshe a haɗa shi ta bidiyo da ɗalibin wata ƙasa mai koyon Fotugis, a raba lokaci biyu, rabi da harshen wannan rabi da na wancan, kowa malami kowa ɗalibi, bayan an gama su zauna da malaminsu a tattauna abin da ya faru. To mu ai muna da abin bayarwa. Ana koyar da Hausa a babbar makarantar harsuna ta INALCO a Paris, ana koyarwa a jami'ar Warso ta Polan, ana koyarwa a jami'ar harsunan waje ta Beijin, waɗannan ɗalibai suna neman Bahaushen da za su yi magana da shi ido rufe, kuma da yawansu suna jin Ingilishi. Yaronmu ya ba da rabin awa na Hausar Damagaram tsantsa ya karɓi rabin awa na Ingilishi, ba roƙo ya je yi ba, musaya ce, kuma na ga yadda kafaɗar yaro ke miƙewa ranar da ya gane shi ma akwai abin da ya iya wanda wani ke nema. Wasiƙa ce kawai daga jami'a zuwa jami'a za ta buɗe wannan ƙofa, ni ƙaramin malami in na rubuta ba mai amsa min.

Iyaye mata da maza da ke karanta wannan, na san abin da ke ranku, musamman a kan ƴan mata, kuma kuna da gaskiya. Ba wanda zai so ƴarsa ta shige ɗaki da waya tana bidiyo da wani ƙato da ba a san asalinsa ba, ko a wayi gari hotonta na yawo a TikTok. Shi ya sa nake son abin ya shigo hannun hukuma ya bar hannun ɗaiɗaikun mutane irina. A yi shi a cikin lakwal da rana, malami ko malama na zaune, mace da mace, da lambar makaranta ba lambar yarinya ba, wadda ba ta son a ga fuskarta a juya kamara a bar murya. Kada a naɗi kowa sai an yi wa uba da uwa bayani da Hausa sun yarda, a faɗa musu wa zai gani, ina za a ajiye, yaushe za a goge, kuma wanda ya ce ya fasa a goge nasa ba tare da an taɓa makinsa ba. Ƙasarmu na da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita, a bi ta. Wani uba da ya hana ƴarsa da farko na roƙe shi ya zo ya zauna a bayan ɗaki ya gani da idonsa, ya zo da carbinsa ya zauna har aka tashi, sati na gaba shi ya kawo ta a kan babur.

Kuɗi kuwa, ba zan ɓoye ba akwai su. Bidiyo na cin mega, awa guda na iya lashe kusan rabin jiga, murya kaɗai ba ta kai ko kusa ba, kuma duk watannin nan daga aljihuna forfe ke fita, in wata ya yi nisa sai mu koma murya. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, amma mu bai dame mu ba tunda minti 15 zuwa 20 ya ishi mai koyo, bayan haka kansa ya gaji. Kuran ma mun san halinsa, ba mu manta 2023 ba da aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, ga zafin watan Afrilu da waya kanta ke ɗaukar zafi ta mutu. Amma rana kam Allah ya ba mu har ta yi yawa. Ɗaki guda nake roƙo don gwaji, ko a lise ɗaya ne, da fano biyu na hasken rana da batir, kwamfuta ko waya biyar, abin sawa a kunne mai makirfo don hayaniya kada ta shiga, da intanet na wata-wata da aka sa a kasafi ba sai malam ya cire daga cefanen gidansa ba. A sa awa ɗin cikin jadawali a san da shi, a haɗa malamin aji da malamin jami'a guda da ɗalibansa biyu ko uku masu naɗa da aunawa, a yi shekara guda, a fito da abin da aka gani a faɗa mana da Hausa da Faransanci, mai kyau da marar kyau. In ya yi amfani sai a kai Magarya da Matamai da Tanut da Gure, in bai yi ba mun san dalili.

Kuma don Allah a sa mu malamai a ciki, mu ma muna bukata. Da yawanmu tun da muka bar jami'a ba mu sake yin hira ta rabin awa da Ingilishi da kowa ba, kullum mu ne masu gyara wa yara, mu ba mai gyara mana, harshe kuwa in ba a motsa shi tsatsa yake yi.

Yaron nan da na fara ba ku labarinsa yanzu shi ke zuwa da wuri ranar Asabar ya share ɗakin ya jona wayoyi, ya kuma karɓi nasa minti goma sha biyar ɗin kamar kowa. Muna nan kowace Asabar bayan sallar la'asar har zuwa kusan magariba, duk wanda ya samu sarari a cikinku, ranku ya daɗe, ya aiko a zo a ɗauke shi, zan ajiye mishi kujera kusa da yaran in kuma kunna mishi naɗin yarinyar nan guda biyu ya ji da kunnensa.

Wassalam.

Ɗanku, malamin Ingilishi, daga unguwar Zango, Damagaram.